Mashayar unguwarmu a Liyon, a idon wanda ba ya shan giya

Akwai wata doka a Faransa da na lura yawancin 'yan uwanmu mazauna nan ba su san da ita ba. Dokar kiwon lafiyar jama'a ta ce duk wurin da ake sayar da barasa dole ne ya jera abin sha marar barasa a inda idon mai shigowa zai gani, aƙalla kwalba goma, kuma a ware su daban da kwalaben giya. Har nau'o'in an lissafa: ruwan 'ya'yan itace, lemo mai gas, siro, ruwan kwalba da sauransu. Tun 2009 kuma aka ƙara cewa idan mai mashaya ya karya farashin giya na wasu sa'o'i da yamma don jawo mutane, to dole ya karya na marar barasa ma a daidai wannan lokacin. Daga farkon 2022 aka wajabta musu su rubuta a fili cewa kowa yana da damar neman ruwan famfo kyauta.

To jama'a, doka ta ce kwalba goma, amma ba ta ce a damu da abin da ke cikin kwalaben ba. A nan ƙorafina yake.

Kafin a fara jifana a ƙasan rubutun nan, bari in share hanya. Ba na shan giya, ban taɓa sha ba, kuma ba gayyata nake yi ba. Na san hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma wanda ya ce shi ko ƙofar wurin ba zai taka ba, hujjarsa a hannunsa take, ba ni da ta cewa. Fatawa ta malamai ce. Abin da nake magana a kai shi ne halin da dubban mutanenmu suke ciki a ƙasar nan, ɗalibai da ma'aikata da likitoci da injiniyoyi: abokin aiki zai yi ritaya, an gama wani babban aiki, maƙwabci ya yi haihuwa, sai a ce a haɗu da ƙarfe shida da rabi a wurin nan na bakin titi. Wani ya je ya gaisa ya fice, wani ya zauna ya ci abinci, wani ya ba da uzuri. Kowa da yadda yake yi. Ni ina cikin masu zuwa wani lokaci, musamman da rana da ake sayar da abinci, don haka na ga abin da zan iya faɗa.

Da farko a cire hoton da ke kai. Abin da Faransawa ke kira bar à vin, wato mashayar giyar inabi, ba gidan rawa ba ne. Ta unguwarmu, can sama a tudun Croix-Rousse inda masaƙan siliki suka zauna a da, ɗaki ɗaya ne da bai fi shagon tela babba ba. Kanta ta katako, tebura ƙanana, baƙin allo a bango an rubuta abin da ake da shi yau da alli. Kiɗa can ƙasa-ƙasa. Tsofaffi masu karanta jarida, ma'aurata da keken jariri, malaman makaranta da suka tashi aiki. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai yabo akwai suka a cikin maganata, kuma matar da ke da wurin maƙwabciya ce.

Yabon zan fara da shi, kuma zan daɗe a kansa, domin a nan ne muke da abin koyo.

Matar nan ta san kayanta. Duk kwalbar da ke kan kantar nan za ta gaya maka sunan manomin, ƙauyensa, irin ƙasar gonar, ko duwatsu ce ko yumɓu, da yadda damina ta kasance a shekarar. Yawancinsu daga Beaujolais ne da ke arewa da gari, ko kwarin kogin Rhône da ke kudu, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka, kuma ita da kanta take zuwa ɗaukowa. Idan mutum ya shigo ba ta miƙa masa mafi tsada. Tambayarsa take yi: me ka ci da rana, me kake sha'awa, nawa kake son kashewa. Na sha ganin ta hana mutum sayen kwalba mai tsada saboda ba za ta dace da abin da ya yi oda ba. Wannan ilimin bai tsaya a giya ba. Cukun da ke cikin gilashi ma haka, burodin ma ta san wanda ya gasa shi da ƙarfe nawa ya fito daga tanda. Mai shayin unguwa na kirki a Maraɗi ya san wanda ke son madara da yawa da wanda likita ya hana shi sukari tun kafin su buɗe baki. To irin wannan sanin ne, sai dai ita ta haɗa da sanin inda kowane kaya ya fito.

Sai yanayin hidimar kanta, wadda take rikita baƙo. A Faransa kuɗin sabis yana cikin farashin da aka rubuta, doka ce tun 1987. Ma'aikaci albashi yake karɓa, ba da tukuicinka ya dogara ba kamar yadda ake yi a Amurka. Sakamakon haka ba zai yi maka dariyar ƙarya ba, ba zai riƙa zagayo teburinka kowane minti biyar yana tambayar ko komai lafiya ba, kuma ba zai kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema. Za ka iya zama awa biyu a kan kofi ɗaya babu mai hararar ka. Ni wannan ya fi mini daɗi. Abin da ba sa yafewa shi ne rashin gaisuwa. Ka shigo ba ka ce bonjour ba, ka wuce kai tsaye ka ce a ba ka kaza, to ka sayi jinkiri da kuɗinka. Mu da muka taso a inda gaisuwa ke kai minti uku kafin a shiga magana, wannan bai kamata ya ba mu wahala ba, amma abin mamaki na ga 'yan uwa da dama sun zo Turai sun ajiye gaisuwa a filin jirgi, wai a tunaninsu Turawa ba sa yi.

Aibin hidimar shi ne jinkiri. Daren Juma'a mutum biyu ne ke kula da ɗakin gaba ɗaya, ɗaya a kanta ɗaya a tsakanin tebura, kuma idan matar ta tsaya yi wa wani bayanin gonar inabi sai kowa ya jira. Ɗaukar ma'aikaci na uku yana da tsada a ƙasar nan, na fahimta. Na wuce wannan.

Mu zo kan abinci, inda mai kiyaye halal yake tafiya kamar a kan ƙaya. Liyon gari ne da ke alfahari da girkinsa, kuma ginshiƙin girkin nan alade ne. Abin da aka fi yin oda a irin wannan wuri shi ne katako da aka jera wa yankakken busasshen nama da cuku. Rosette, jésus, jambon, grattons, duk alade ne. Wannan mai sauƙi ne, ido yana gani. Matsalar tana wurin da ido ba ya gani. Za ka ga an rubuta rillettes na agwagwa, wato dagargajajjen nama da ake shafawa a burodi, ka ce alhamdulillahi, alhali sau da yawa da kitsen alade ake haɗa shi. Salade lyonnaise ganye ne da ƙwai, amma da soyayyun gutsattsarin alade a ciki. Tablier de sapeur tumbin sa ne, amma a farar giya ake jiƙa shi kafin a soya, ban da maganar yanka. Cukun Époisses da barasar marc de Bourgogne ake wanke bayansa lokacin da yake nuna. Hatta cervelle de canut, farin cuku mai laushi da ake kwaɓawa da ganyaye da albasa da tafarnuwa, wanda babu nama a cikinsa ko kaɗan, wasu gidajen suna ɗiga masa farar giya. Kuma wuƙar da aka yanka rosette da ita, idan ba ka yi magana ba, ita za ta yanka maka cuku.

Doka ta tilasta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi da alkama. Alade ba ya cikin jerin, barasa ma ba ta ciki. Wato babu wata takarda da za ta cece ka. Abin da zai cece ka shi ne mutumin da ke tsaye a gabanka ya san abin da ke cikin tukunyarsa kuma ya faɗa maka gaskiya. Shi ya sa na ce sanin kaya shi ne asalin hidima. A manyan gidajen abinci na tsakiyar gari da ke cike da 'yan yawon buɗe ido na sha tambaya a ce mini "babu komai a ciki" da saurin da ke nuna mai maganar bai taɓa leƙa kicin ba. A nan unguwa matar za ta ce dakata, ta shiga ta duba, ta dawo ta ce kar ka ci wannan, ga wancan. Ta ware wuƙa da katako daban ba tare da ta mayar da abin wani labari a gaban mutane ba. Wannan ya fi mini duk wata fara'a.

Kuma abin da ya rage bayan an cire waɗancan ba kaɗan ba ne. Saint-Marcellin, ɗan ƙaramin cuku daga yankin Isère, idan aka saka shi a tanda a ƙaramin kasko har ya narke, ka dangwala da ɓawon burodi mai zafi, wallahi abinci ne. Comté daga duwatsun Jura, wanda ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata huɗu a ɗakin ajiya, wanda ya haura shekara biyu kuma har wani ɗan gishiri-gishiri yake yi a haƙori. Sardin na gwangwani masu kyau da man shanu da lemon tsami. Dafaffen ƙwai da mayonis da aka kaɗa a gidan. Miyar kabewa da sanyi. Akwai wata 'yar alama ta tukunya mai rufin ɗaki a kanta da gwamnati ta fito da ita a 2014, ma'anarta a gidan aka girka abin daga ɗanyen kaya. Ku riƙa duba ta, domin wurin da ya girka da kansa shi ne zai iya amsa tambayarku.

Sai dai farashi. Wannan yayi na ƙananan faranti "don a ci tare" ya ishe ni. Yuro goma a kan karas uku da aka gasa aka yayyafa wa gyaɗa, mutum huɗu kuma kowa da cokali a hannu yana jin kunyar ɗaukar na ƙarshe. Ka kashe Yuro talatin ka koma gida ka ɗora tukunyar taliya. Su masu sha ba sa ji sosai, don su abincin rakiya ne. Kai da abincin ya kawo ka, kai ne kake ganin ƙanƙantarsa.

Yanzu ga inda nake son zuwa. Allon nan na bango yana ɗauke da sunan giya kusan arba'in, kowacce da ƙauyenta da shekararta. Ka ce ba ka sha, a ba ka wani abu daban, sai matar da ta gama yin bayanin duwatsun gona na minti biyar ta ce: akwai Coca-Cola, akwai ruwan gas na Perrier, akwai ruwan lemu. Shi ke nan. Ilimin ya ƙare, sha'awar ta mutu. Kwalba goman da doka ta ce suna nan a wani lungu sun yi ƙura. Kuma ba ita kaɗai ba ce, kusan duk irin waɗannan wurare haka suke. Mutumin da zai tuƙa mota awa ɗaya don ya ɗanɗani giyar wani manomi, bai taɓa tunanin ya ɗanɗani lemon da yake sayarwa ba.

Na san dalilin. Ribar wurin a giya take. Abin da aka saba shi ne a ninka farashin sari sau uku ko fiye, har ma ana cewa kofin farko shi ke biyan kuɗin kwalbar. Wanda ya zauna a kujera da ruwan gas ɗaya duk dare, a lissafin mai gida asara ne. Amma lissafin nan tsoho ne. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya yana shan sama da lita 100 na giyar inabi a shekara, a matsakaici. Yau abin ya sauko zuwa wajen 40. Ƙasar da sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abinci na makaranta, kuma sai a 1981 aka hana a manyan sakandare, yau ita ce matasanta da yawa ba su damu da giyar inabi ba sam. Gidajen shan kofi da mashayu sun kai kimanin 200,000 a 1960, yanzu ba su kai 40,000 ba. Tun 2020 ake yin kamfe na ƙaurace wa barasa duk watan Janairu, abin da aka aro daga Ingila, kuma ya kama duk da gwamnati ta ƙi sa hannu a ciki. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take.

Kuma a daina ɗauka Musulmi ne kawai ba ya sha. Mai juna biyu ba ta sha. Wanda zai tuƙa mota yana lissafi, don iyakar doka giram 0.5 ce na barasa a litar jini, sabon direba kuma 0.2, wato kusan babu. Akwai mai shan magani, akwai wanda barasa ta taɓa rusa masa gida ya tuba, akwai mai tsere da safe. A teburin mutum shida da wuya ka rasa ɗaya ko biyu. Abin da masu mashaya ba su lura da shi ba shi ne, sau da yawa wannan mutum ɗayan ne yake yanke inda ƙungiya za ta je, domin sauran suna jin nauyinsa. A ofishinmu an daina zuwa wani wuri kacokan saboda wata abokiyar aiki mai ciki ta gaji da ruwan lemu.

Wasu za su ce ai yanzu akwai giya marar barasa. A yi hattara a nan, 'yan uwa. A dokar Faransa ana iya rubuta sans alcool a kan kwalbar biya da ke da barasa har kashi 1.2 cikin ɗari. Giyar inabi da aka cire wa barasa, a ƙa'idar Tarayyar Turai, tana iya riƙe har kashi 0.5. Kombucha da ake yayi ma tsimin shayi ne, yana ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba. Mai son ya kuɓuta sai ya nemi inda aka rubuta 0,0 ya karanta bayan kwalba. Ni dai ko 0,0 ɗin ba ya burge ni. Ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, don me za a sayar mini da kwaikwayonta a kan Yuro bakwai? Abin da nake nema shi ne abin sha mai kyau a karan kansa, wanda wani ya zauna ya yi tunani a kansa.

Kuma abin haushin, yankin nan cike yake da shi. Kwarin Rhône da Drôme gonakin abirko (abricot) ne da fiyar Turai (poire) da tuffa. Ƙauyen Bessenay da ke yamma da gari da ceri aka san shi. Alain Milliat, wanda ruwan 'ya'yan itacensa yake manyan otal-otal, a Orliénas ya fara, nan bayan gari. Manoman inabin da matar nan take zuwa wurinsu, da yawansu suna matse ruwan inabi zalla wanda bai tsimu ba, daga gona ɗaya, nau'in inabi ɗaya. Mota ɗaya za ta ɗauko duka biyun. Da za ta rubuta a allo: ruwan inabi nau'in Gamay na wane, daga ƙauye kaza, ta zuba shi a kofi mai ƙafa kamar na kowa maimakon tambulan da tsinken roba kamar na yaro, da na biya Yuro shida ban yi ƙorafi ba.

Daga nan maganar ta dawo kanmu. Ka sauko daga tudu ka haye kogin Rhône zuwa Guillotière, wajen dandalin Gabriel-Péri, inda shagunan 'yan Afirka da Larabawa suke. A firjin kusan kowane gidan abinci na 'yan Senegal ko Gini ko Kodebuwa akwai zoɓo, wanda a nan ake kira bissap, akwai ruwan citta, akwai tsamiya, akwai na kuka. Zoɓo yana da tsami, yana da ɗan bauri da ke kama harshe, yana da launi. Duk abin da masu giya suke yabawa idan suna bayanin me ya sa jar giya ke tafiya da cuku mai maiƙo, zoɓo yana da irinsa. Na gwada shi da Comté a gida, ba tare da sukari mai yawa ba, kuma ya zauna daram. Amma yaya muke sayar da shi? A tsohuwar robar ruwa da aka wanke, babu suna, babu kwanan wata, an zuba sukari har ya kashe tsamin, an ƙara turaren abarba na kanti. Ka tambayi mai shagon daga ina furen ya zo, ya ce daga Afirka. Alhali buhunan zoɓon da ke tashi daga Maigatari da kasuwannin Kano kwantena-kwantena ake kai su Meziko, inda suke shan sa kullum da sunan agua de jamaica. Manomin Jigawa ko na Damagaram yana da suna, gonarsa tana da ƙasa, shekara tana da damina mai kyau da marar kyau, daidai da manomin Beaujolais. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin faɗa ba.

Na kai wa matar wannan maganar, har da kwalbar da na dafa da citta da kanumfari kaɗan. Ta ɗanɗana yadda suke yi, ta juya shi a baki, ta ce a rage kanumfari. Bayan wani lokaci sai ga shi a allo, can ƙasa, kalma ɗaya tak: hibiscus, Yuro huɗu da rabi. Yana fita kuwa, musamman da zafi, kuma yawancin masu sayensa ba mu ba ne. Na ce mata madam, kowace kwalba a allon nan tana da ƙauye da sunan mai gona, ban da wannan. Ta ɗauko ledar da ta sayo a Guillotière ta nuna mini: nauyi ne kawai a jiki da farashi. Ta ce ita ba ta rubuta abin da ba ta sani ba, ranar da wani ya kawo mata buhu da sunan manomi da garinsa da shekarar girbi, za ta rubuta shi da manyan baƙaƙe ta kuma ƙara Yuro ɗaya a kai. Idan akwai mai harkar zoɓo a cikinku da zai iya wannan, da takardun shigo da kaya yadda doka ta tanada, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.